Kati na Uku

Ranar Laraba Shugaban Sashe ya shigo ajin kimiyyar sinadarai riƙe da takarda. In ya sa hannu a kanta, Malama za ta ci gaba da wasan kati. In ya ƙi, ta koma karanto darasi ɗalibai suna kwafa.

Wasan ba wuya. Kowane ɗalibi zai rubuta tambaya a kati ya jefa a kwali. Rukuni huɗu ne. Wanda ya amsa ya ci maki. In kowa ya kasa, makin na mai tambayar ne, muddin shi ya san amsar.

Kati na uku lissafi ne a kan iskar gas a cikin tukunya. Rukuni ɗaya ya samu sha biyu. Wani ya samu ɗari huɗu. Na ukun suka ɗora wa kalkuleta laifi.

"Wa ya rubuta?" in ji Malama.

Wani dogo ya miƙe. Tsohon Aji ake ce masa, don maimaita kwas ɗin yake yi.

"To ba mu amsar."

"Wallahi Malama, ni ma ita nake nema."

Aji ya kwashe da dariya. Malama ta ɗauki alli, ta cika rabin allo, ta goge, ta sake.

"Kawo nan," in ji Shugaban Sashe.

Ya yi minti goma sha biyu yana fama, sannan ya ajiye allin.

"Ba a ba da zafin tukunyar ba. Ba mai iya warware wannan. Abin da nake gudu ke nan, yara su riƙa rubuta shirme."

"Ranka ya daɗe, ba ni na ƙaga ba," in ji Tsohon Aji. "Daga jarabawar bara na kwafo. Lamba ta huɗu, maki ashirin. Ita ta kayar da ni."

Ya miƙa masa takardar jarabawar. Shugaban Sashe ne ya fitar da jarabawar bara. Ya karanta sau biyu, ya juya bayanta. Ba komai a bayan.

"To makin na wa ne?" wata ta tambaya.

Shugaban Sashe ya sa wa Malama hannu a takardar da ya shigo da ita, ya ƙara sharaɗi a ƙasa: kada a sake jefa tsohuwar jarabawa a kwalin.

Tsohon Aji ya bi shi har bakin ƙofa.

"Ranka ya daɗe, ni fa? Bara na faɗi ko ban faɗi ba?"