Igiyar Malam Tanko

"Sauke a hankali, Ƙasimu, ba buhun gawayi ba ne!" Mu'azu ya ce wa direba, yana tallabe da kwale-kwalensa a bayan a-kori-kura.

Wata bakwai ya yi yana ƙera abin nan a shagonsa na walda a Gyaɗi-Gyaɗi, daga wani hoto da ya tsinta a tsohuwar mujalla: siriri, mai cin mutum ɗaya, da filafili mai baki biyu. 'Yan unguwa, don baƙin ciki, suka raɗa masa suna makara. Yau Asabar ɗin da soja ke miƙa mulki, kowa ya manne da rediyo, shi kuwa gogan ya sulale zuwa kogin Tamburawa, murna kamar ta kashe shi.

Ashe masu fatsa sun riga shi, su biyar, ga rediyonsu a kan dutse. Babbansu, wani tsoho mai suna Malam Tanko, ya ƙare wa kwale-kwalen kallo.

"Samari, sati uku ina zuba dusa a gurbin can. Ƙananan kifi na taruwa, wani giwan ruwa yana biyo su. Ka bi ta tsakiya. Ka taɓa mini igiya, wallahi kai da ruwan nan sai a mafarki."

"Na ji, Baba. Ko kusa."

Kai, daɗi! Ya soka filafili dama, ya soka hagu, abin ya tsaga ruwa sumul, ko ɗigo bai shigo ba. Mu'azu ya yi ihu shi kaɗai. Ina ma 'yan makara suna nan! Garin ɗaga wa Ƙasimu direba hannu ya manta da gurbi, ruwa ya karkata shi, sai ji ya yi ƙarfen da ya liƙa a goshin jirgin don ɗaure shi ya sarƙe da wani abu.

Igiyar Malam Tanko ce. 

Kafin ya ce a yi haƙuri, igiyar ta miƙe gam, sandar ta fizge daga hannun tsohon, kwale-kwale ya zabura ba tuƙi. Wani baya mai sheƙi ya ɓullo ya nutse.

"Shi ne! Shi ne!" Malam Tanko ya yar da hula, ya bi gaɓa da gudu. "Kada ka tsinke! Bar shi ya ja ka, ɗan nema, zai gaji!"

"Baba, ban iya ruwa sosai ba!"

"To zauna daram, wa ya ce ka faɗa?"

Tsoro ya kama Mu'azu, amma dariya yake yi. Kifi ya kai shi gabas, ya dawo da shi yamma. A rediyo ana ta rantsar da mutane, babu mai saurare. Sai da aka kusa rabin awa kifin ya gaji, igiyar ta yi sako-sako. Ya tuƙo a hankali, mutum uku suka shiga ruwa har ƙugu suka rungumo giwan ruwa, tsawonsa ya kusa kai ƙirjin Ƙasimu.

Da hayaniya ta lafa, Mu'azu ya tuna sharaɗi. Ya taɓa igiya, magana ta ƙare. Ya kama jan jirginsa zuwa mota.

"Ina za ka da shi?" in ji Malam Tanko, yana kakkaɓe hularsa.

"Kun ce in na taɓa igiya..."

"Na ce." Tsohon ya tsuguna, ya ƙwanƙwasa jikin kwale-kwalen, ya dubi can tsakiyar kogi inda fatsarsa ba ta taɓa kaiwa ba. Sai ya juyo ya dubi Mu'azu.

"Wannan abin naka, ba ya cin mutum biyu?"