Ramin Baba Yunana

Baba Yunana bai tashi mutuwa ba sai tsakiyar bazara, lokacin da duk wani namiji mai ƙarfin ɗaga diga a unguwarsu ta Matameye yake can Najeriya wajen cin rani. Surukarsa Shekara ce ta rufe masa ido da safe. Kafin hantsi ɗakin ya ɗau zafi kamar tanderu, ta kuma san gawa ba ta jira a irin wannan rana.

Ta kira mijinta Ayuba a Kano. Ya yi kuka, ya ce ko yanzu ya hau mota sai gobe. Ta kira fasto, ashe yana Damagaram wajen taro. Ya ce dattijon ikilisiya ya yi jana'izar, su kuma suna nan suna addu'a. Duk wanda ta kira, addu'a. Shekara ba ta raina addu'a ba, da ita ta rayu. Amma dattijon nan da sanda yake tafiya, sauran 'yan majami'ar kuwa matan zumunta ne da goyonsu. Wa zai haƙa ramin?

Ta bar mata suna waƙa a kan gawa, ta saɓa diga ta nufi ɗan filin da Kirista ke binne nasu a bayan gari. Ƙasa ta bushe ƙamas. Ta sara, digar ta yi tsalle ta dawo mata. Haushi ya tuƙe ta har ta yi wa Ubangiji magana a fili.

"Ya Yesu, kai ka ce mu roƙa. To ga ni na roƙa. Hannu nake so, ba ta'aziyya ba!"

"Ke 'yar nan, ajiye digar nan."

Malam Illa ne, maƙwabcinsu. Shekara da shekaru shi da marigayin suna zaune gindin bedi ɗaya suna musun addini, ba wanda ya taɓa kayar da wani. Bayansa ga tsofaffin masallaci, kowa da abin haƙarsa.

"Baba, ku da kanku?"

"Da wa kike so? Mace ba ta haƙa kabari muna numfashi. Koma gida ki ji da gawarki."

Ta koma tana share hawaye, tana jin kunyar faɗan da ta yi wa Allah. Wani kafinta ya kawo akwatin gawa, aka sa Baba Yunana cikin farar rigarsa ta Lahadi. Bayan azahar aka ɗora shi a amalanke, mata na biye suna waƙa.

Tsofaffin suna zaune bakin rami, jiƙe sharkaf da gumi. Shekara ta leƙa ramin. Sun yi aiki kam, mai kyau ma, amma irin wanda hannunsu ya saba: a tsakiya ɗan siririn rami daidai kwanciyar mutum cikin likkafani, har da itacen rufi an sassare an jera a gefe. Ko rabin akwatin ba zai shiga ba.

Ba wanda ya yi laifi, kuma wannan ne ya fi ƙona mata rai, don ba ta da wanda za ta yi wa masifa. Su ba su taɓa binne Kirista ba, ita kuma ba ta tuna ta faɗa ba. Rana tana karkata, ƙudaje sun fara zagaya amalanke. Ta dubi hannun Malam Illa, tafin duk ya fashe. Da wane baki za ta ce masa ya sake?

"Baba, a fitar da shi daga akwatin," in ji ta. "A sa shi haka. Allah ba ya duba katako."

Malam Illa ya zagaya akwatin, ya auna faɗinsa da ƙotar diga.

"Shi ya ce a sa shi a ciki?"

"Haka muke yi, Baba. Haka aka yi wa matarsa."

"To haka za a yi masa." Ya ƙwanƙwasa murfin da yatsa. "Kai Yunana, ko a mace sai ka ja ni gardama."

Ya sake gangarawa cikin ramin, sauran suka bi shi suna mita. Wannan karon da Shekara ta ɗauki kwano ta shiga kwasar ƙasa bai hana ta ba, matan zumunta ma suka kwance goyo suka jeru.

Akwatin ya sauka ana kiran magariba. Dattijo ya buɗe Littafi yana karatu, tsofaffin suka juya za su tafi salla. Malam Illa ya tsaya, ya miƙa wa Shekara digarta.

"Gobe wa zan yi wa musu?" ya ce, bai kuma jira amsa ba.