Wasiƙar da Ba a Karanta a Zaure Ba

Arzika, bafataken kanwa, bai iya riƙe magana ba. Ko mafarki ya yi, sai Jibiya ta ji kafin hantsi. To, sai ga shi 'yan kwastan sun kama masa raƙuma huɗu, wai ya tsallako da su daga ƙasar da Faransa ke mulka ba takarda. Su ne dukiyarsa duka. Ya ɗauki lauya a Kano, ya zayyana masa komai.

Lauya ya ce, "Abin da ke tsakaninmu, ko alƙali ba zai sa in faɗa ba. Amma in ka bari kunne na uku ya ji, kai ka rushe katangar da hannunka."

Bayan sati uku direban mota ya kawo wa Arzika wasiƙa daga lauya. A Jibiya kuwa wasiƙa ta jama'a ce: a zaure ake karantawa, kowa ya karɓi gaisuwarsa. Nan da nan maƙwabta suka cika tabarmi. Bawa, amininsa tun suna yara, shi kaɗai ke karanta Turanci a unguwar, kuma shi ne akawun kwastan. Ya miƙo hannu kamar kullum.

Arzika ya cusa wasiƙar cikin hula. "Wagga ba ta zaure ba ce, Malam Bawa."

"Mi na yi maka?" in ji Bawa.

"Ba ka yi komi ba."

Aka watse ana cewa Arzika ya koyi rowa. Abin ya yi masa zafi ƙwarai, amma ya daure. Kashegari ya hau mota har Kano, ya miƙa wa lauya wasiƙarsa a rufe. Lauya ya buɗe, ya yi dariya har da hawaye. Abin da ya rubuta a ciki kawai shi ne yana son Arzika ya zo Kano.

Ranar shari'a aka ɗora wa Bawa Alƙur'ani, aka tambaye shi ko ya san abin da Arzika ya tattauna da lauyansa. Ya ce bai sani ba, kuma gaskiya ya faɗa. A ƙarshe alƙali ya sa aka saki raƙuman.

Da suka dawo gida, Bawa ya zo zaure da ƙwaryar goro, ya zauna wurin zamansa.

"Da ka ba ni na karanta," ya ce, "kuma akwai magana ciki, da sai na zaɓa tsakanin kai da rantsuwa."

Arzika ya ɓare goro, ya miƙa masa rabi.