Bayan Ɗan Dako

Mai hoton nan na bakin titi ba ya ɗaukar fuskar 'yan dako, sai bayansu. Wai a nan wahala ta fi fitowa da kyau.

Ran nan wata mata ta zo masa, idonta a kumbure. Mijinta ɗan dako ne, mota ta kashe shi. Ba su da hotonsa ko ɗaya, amma an ce mata mai hoto ya taɓa ɗaukarsa.

Ta kwatanta masa mijin. Ya lalubo hoton a kyamara: buhu, wuya a lanƙwashe, riga sharkaf da gumi.

"Ki yi haƙuri, baiwar Allah. Babu fuska."

Ta daɗe tana kallo.

"Wanke mini shi, malam. Yaran ma bayansa suka fi sani. Kullum fita yake."