Tsayuwar Dutse

Tun a ƙofar gida matar Yaya ta tare ni, gari bai gama wayewa ba. "Ƙanin miji, allurar ya yi fa, kuma bai sa komai a bakinsa ba. Wai sai ya dawo." Ta cusa mini alewa a aljihun wando.

Yaya yana da ciwon suga, kuma a duk 'yan gudun asubarmu ni kaɗai na sani. Sai da ya sa na rantse masa. "In suka ji, za su mayar da ni ƙwai, kowa yana lallaɓa ni. Koci kuma ya ce in zauna a gida." Taurin kan Yaya ko jaki albarka. Tun da ya rufe shagon ɗinkinsa saboda ciwon ido, gudun nan ne kaɗai ke fitar da shi cikin mutane.

Ni mai aski ne, amma a wurin gudu Zomo suke ce mini, don ko leda ce ta motsa sai na zabura. Muka taru a bakin titi inda Direba, abokin gudunmu, ke ajiye motarsa, Koci ya hura usur, muka ɗiba. Na manne a bayan Yaya ina kallon ƙeyarsa.

"Zomo, yau Yayanka kake gadi?" in ji Mai Walda yana haki. "Ko tsoron kare ne?"

Na yi yaƙe. Ina ni ina raha?

Muna da wata al'ada da Koci ya kawo, shi tsohon ɗan kwana-kwana ne. In muka hau gangaren tankin ruwa, kowa zai tsaya ko ya zauna, ya rufe ido, ya saisaita numfashi. Tsayuwar dutse muke kiranta. Ana cikin haka sai Koci ya kwatsa ihu: "Gobara!" ko "Maciji!" Wani lokaci a asirce yake sa ɗayanmu ya yi ihun, don kada mu saba da muryarsa. In wani ya buɗe ido ko ya motsa kafin a hura usur, to kowa sai ya sauka ya sake hawo gangaren. Saboda ni an sake hawa ya fi a ƙirga, har Direba ya ce wata rana zai ɗaure ni a ƙafar tankin.

A ranar, da ƙyar Yaya ya kai sama. Ya zauna ya jingina da ƙarfen tankin. Koci ya ce mu fara, shi zai sauka ya taro wani sabon shiga da ya maƙale a ƙasa. Kowa ya rufe ido. Ni dai na bar nawa a ɗan buɗe.

Zufar Yaya ba irin tamu ba ce, zuba take kamar an watsa masa ruwa. Leɓensa ya yi fari, hannunsa na karkarwa a kan gwiwa. Sai na ga kansa ya langaɓe gefe.

"Yaya! Wayyo Allah, Yaya! Ku zo, ba shi da lafiya!"

Ko gezau. Maza garada a tsaye kamar gumaka, ƙirji na hawa yana sauka. Mai Walda ma murmushi yake, ido a rufe.

Na durƙusa na ciro alewar. Yatsuna suka ƙi ɓare ledar, ta suɓuce ta faɗa cikin tsakuwa. Na lalubo wata, ita ma haka. Yaya ya ɗan buɗe ido ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba.

"Wallahi da gaske nake! Direba, motarka! Ku taimake ni!"

"Kai, Zomo ya iya," Direba ya faɗa ta gefen baki. "Koci ya samu ɗan wasan kwaikwayo."

Na leƙa ƙasan gangaren, Koci ya yi nisa, ko alamarsa babu. Na tashi na cakumi rigar Mai Walda na jijjiga shi. Ya ƙara matse ido, ya dasa ƙafa. Ɗan uwana zai mutu a tsakiyar mutane, su kuma suna alfahari ba su motsa ba!

A nan na gane duk ihun da na ƙara, ƙara tabbatar musu nake cewa gwaji ne. Na saki rigar. Na ja numfashi ta hanci yadda Koci ya koya mana, na riƙe, na sake a hankali. Muryata ta dawo daidai. Na san abin da zan faɗa, na kuma san Yaya ba zai yafe mini da sauƙi ba.

Na matsa kusa da kunnen Direba, na yi magana ƙasa-ƙasa, yadda nake yi wa yaro in zan sa masa aska. "Yaya yana da ciwon suga. Ya yi allura bai ci abinci ba. Sugansa ya faɗi. Buɗe idonka ka gani, in ƙarya nake ni kaɗai zan hau gangaren nan har rana ta take."

Ya buɗe ido ɗaya. Sai na ji ya ce, "Innalillahi!" Ya kwasa a guje ya yi ƙasa. Ƙarar takalminsa ce ta buɗe idon sauran.

Mai Walda ya tallafo kan Yaya, ya tsinto alewar daga tsakuwa ya ɓare da haƙori. "Yana iya haɗiya?" ya tambaye ni. Na kira sunan da Mama ke kiransa da shi, ya amsa da ƙyar. Na sa masa a baki ina cewa, "Tsotsa, Yaya, tsotsa." Direba ya hawo da motar har gindin tanki, da kwalbar lemo a hannu. Muka riƙa ba shi kurɓi-kurɓi. Can karkarwar ta ragu, idonsa ya fara tsayawa a kan fuskoki. Koci ya iso da gudu, ya taɓa wuyansa, ya ce a wuce asibiti kawai.

A bayan mota Yaya ya jingina da ni. Direba yana ta satar kallonmu ta madubi, idonsa ya yi ja. Yaya ya lura da kallon.

"Ka faɗa musu," ya ce, murya a dashe.

"Na faɗa."

"Ka rantse mini fa."

"Na rantse. In aka sake, gobe ma zan faɗa."

Ya juyar da fuskarsa wajen taga. Sai a lokacin hawaye ya zubo mini ban shirya ba. Na yunƙura zan share, na ji hannuna ya ƙi ɗagowa. Yaya ne ya damƙe mini wuyan hannu, kuma har muka shiga ƙofar asibiti bai saki ba.