A Motsa Masa Jiki

Ɗana ne ya kai yaron asibiti, shi ne kuma ya kawo mana maganar likita a karkace.

Yaron jikana ne, shekararsa biyar. Bakwaini aka haife shi, don haka tun yana cikin tsumma ake lallaɓa shi. Ni na laƙaba masa Ƙwai, sunan ya bi shi. Shi da iyayensa suna saman bene, ni da kakarsa muna ƙasa. In zai sauko, uwarsa ta saɓo shi a kafaɗa. In yaran gidan suka fita da ƙwallo, ta ja shi ɗaki ta miƙa masa wayarta. Da aka sa shi makaranta abin ya fito fili. Ya faɗi a bakin aji, ya faɗi a tsakar fili, ba wanda ya ture shi. Malamarsu ta ce a je a duba ƙafafunsa.

Ɗana direban babbar mota ne. Daga asibiti ya ajiye yaron ya kama hanya, sai a waya ya yi wa matarsa bayani. Wai likita ta ce a riƙa motsa masa jiki kullum, a kuma dawo da shi. In bai canja ba za a tura shi babban asibiti, a bincika ko ciwon jijiya ne.

Jijiyar nan ita ta hana gidan sukuni. Na san wani da aka ce masa jijiya. A keken guragu ya ƙare.

Safe da yamma sai su shimfiɗe yaron a tsakar ɗaki. Uwar ta kama ƙafar dama, kakar ta kama ta hagu, su naɗe, su miƙe, su shafa mai. Shi yana kwance da waya a saman fuska. Fita kuwa aka hana shi ɗungurungum, har makarantar.

"Motsa shi kuke yi ko matsar wanki?" na ce.

"Malam, je ka wurin facinka," in ji kakar. "Wannan aikin likita ne, ba taya ba ce."

Ranar komawa uban yana kan hanya, sai na raka su. Likitar yarinya ce, ba ta kai autata ba. Akwai wani jan layi a ƙasan ɗakinta, ta ce yaron ya bi. Ya taka yana tangal-tangal, ya sauka gefe. Ta ce ya tsaya da ƙafa ɗaya. Ya cafke wandona.

"Wane irin wasa yake yi yanzu?" ta tambayi uwar.

"Ai ba ma barinsa wasa, Likita. Motsa masa muke yi, kamar yadda kika ce." Ta gwada mata da hannu yadda suke naɗe ƙafar.

Likita ta ajiye biro, ta dafe baki. Da ta sauke hannun ta ce, "Ban ce a motsa masa ba. Cewa na yi ya motsa jiki. Shi da kansa."

Ta ce ƙafa ba ta koyon tsayuwa a kwance. Sai yaro ya yi gudu, ya yi tsalle, ya hau abu, ya karkata ya gyara kansa, sannan jiki yake sanin yadda zai riƙe kansa.

"In ya faɗi fa?" in ji uwar.

"Ya tashi."

"Jijiyar fa?" na ce.

"Ba zan iya cewa komai ba, Baba, tunda ba a gwada abin da na faɗa ba. Ku gwada tukuna."

Da yamma na kira ɗana, na faɗa masa abin da likita ta ce. Ya ce, "Baba, ai duk ɗaya ne."

"Tuƙa mota da tura mota ɗaya ne?"

Na kashe wayar.

Washegari na riƙo hannun yaron zuwa wurin aikina. Rumfa ce a bakin titi, da injin iska, da bahon ruwa da nake neman huji a ciki. A baya akwai fili, tsofaffin tayoyi jibge, yaran layin suna yini a kansu. Na kwantar da biyu, na ɗora katako a kai. Ya rungume ƙarfen rumfa yana kukan waya.

"Ba waya a nan. Ga taya."

'Yar mai walda ce ta ɓamɓare shi daga ƙarfen. Sa'arsa ce, ba ta da tsoro ko kaɗan. Ta ba shi tayar babur da sanda, ta ce ya gara. Tayar ta tafi, ya bi ta, ya kife a kan tsakuwa.

"Ƙwai ya fashe," in ji ta. "Wa zai kwashe?"

Ya ɗago kai yana dubana, gwiwa na jini. Hannuna na cikin baho, riƙe da tub ɗin tayar wani. Na zuba wa ruwan ido, ban ga kumfa ba, ban ga komai ba. Da na waiga ya miƙe, yana bin yarinyar da sanda.

A gida kakar ta ga gwiwar. "Kai shi ka yi ko jan shi ka yi a ƙasa?"

"Fata ce."

Uwar ta wanke ciwon, idonta ja. Bayan nan nakan hango ta tsallaken titi, a bayan turken wuta, da kwandon cefane a hannu. Nakan yi kamar ban gan ta ba.

Abin bai zo a jere ba. Ya yi mura ya kwanta, ya dawo kamar bai taɓa ganin katakon ba. Wata rana ya haye shi har ƙarshe, washegari ya kasa. Sannu a hankali ya daina miƙa hannu yana neman abin kamawa. Ya fara hawa tsibin tayoyin ya diro. Daga nan kuma ya zame mini ƙarfen ƙafa. Ya jefa mini sifana a kwata. Ya kifar da baho. Ya sace iskar tayar wani mai babur da na gama bugawa, mutumin yana tsaye.

Da muka koma asibiti, ya bi jan layin, ya juyo ya dawo da tsalle ba a sa shi ba. Ya ɗage ƙafa ɗaya ya tsaya, ya dubi likita.

"Ke kin iya?"

"Ban kai ka ba," ta ce. Ta lanƙwasa gwiwoyinsa, ta bubbuga, ta sa shi ya tsuguna ya tashi. Ta ce ƙafar hagu tana ɗan jan ƙasa in ya gaji, wannan zai wuce in ya ci gaba da wasa. Babban asibiti kuwa ba sai an je ba.

"Jijiyar fa?"

"Ban ga alamarta ba, Baba."

A waje uwar ta zauna a benci, ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta na rawa. Ni na je na duba tayoyin motocin da ke ajiye. Na daɗe a can.

A ƙofar gida na ce mata, "To, magani ya yi. Gobe ya koma makaranta. In an tashi ki riƙe abinki a ɗaki, ya hana ni aiki."

Tunda ta shigo gidan nan ban taɓa jin wata amsa daga bakinta ba sai "to". Ta rusuna, idonta a ƙasa. Yaron ya riga ya kutsa cikin yaran gida, yana ƙwatar ƙwallo.

"A'a, Baba," ta ce. "Ba zan riƙe shi ba."