Sanyin Bana da Saudatu

Saudatu ce mai ba da magani a wani ƙaramin asibiti a Kebbe. Mace ce mai kazar-kazar da yawan raha, amma da sanyin bana ya kankama sai ta koma wata iri.

Ɗakin maganin taga ɗaya gare shi, ita ma an toshe ta da kwali saboda iska. Takan shiga rana ba ta gama ɗagowa ba, ta fito ana haramar magariba. Barci take yi sosai, amma ta tashi kamar an yi mata dukan tsiya. Tuwo ya fita daga ranta, sai shayi da burodi. Wata Asabar ta jiƙa wanki, ta zauna tana kallon bahon har aka kira azahar.

A haka mijinta Mudassir ya tarar da ita.

"Mi ka damun ki? Ko wani laifi na yi miki?"

"Ba ka yi min komi ba, Malam. Jikina ne ya ƙi."

Sai ga hawaye, ita kanta ba ta san na mene ne ba.

Aka auna jininta, babu zazzaɓi, babu ciki. Wannan ya fi komai ɓata mata rai. Da cuta ce, ai ga magani a gabanta. Ni'imatu, ungozomar asibitin, wadda ta girme ta nesa, ta leƙo ɗakin ta same ta ta kifa kai a tebur.

"Ƙanwata, yaushe rabonki da zama a rana?"

Saudatu ta kasa tunawa.

"Haka na yi fama duk lokacin ɗari ina aiki Dogon Daji. Wasunmu in haske ya ragu, rai nauyi yake yi. Tashi mu fitar da teburin nan."

Suka kinkime shi zuwa baranda. Ranar farko haushi kawai ta ji: ga sanyi, ga jama'a sun yi mata caa a kai. Ta dai daure, kullum da hantsi tana waje, mayafi a kafaɗa.

Sauƙin bai zo da gudu ba. Ta fara cin abinci, ta daina kukan. Ran wata Juma'a ta ce Mudassir ya kai ta Fakku a babur ta gaida Innarta, ziyarar da ta daɗe tana ɗagawa. Ko a can hirar kaɗan ta yi, ta miƙe a tabarma a tsakar gida. Gajiyar ba ta sake ta gaba ɗaya ba sai da zafi ya fara shigowa.